Akwatin lasifikar jita: katako ne ke ba da murya ko lasifikar da ke ciki?

Sabon_Makaɗi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da amfilifayar jita mai bawul (irin wadda ke ƙara ƙarfin sauti da bututun gilashi), wat 50, wadda kai ce kawai babu lasifika a jikinta, kuma a bayanta akwai mafita uku, na om 4 da om 8 da om 16 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta). Na yanke shawarar haɗa mata akwatin lasifika da hannuna, mai ɗaukar lasifika biyu 'yan inci 12. Abin da ya tsayar da ni shi ne ra'ayoyi biyu da nake ji masu karo da juna. Wasu suna cewa irin katakon da aka yi akwatin da shi ne ke ba da murya, don haka a nan ya kamata mutum ya zuba ƙoƙarinsa, wasu kuma suna cewa akwati mariƙi ne kawai, lasifikar ce komai. Ina kuma son sanin ko in rufe bayan akwatin ko in bar shi a buɗe. Yawancin kiɗana mai tsaftataccen sauti ne, sai dai lokaci zuwa lokaci nakan ƙure amfilifayar har sautin ya yi gurnani.

Dattijon_Bawul:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsata a taƙaice ita ce lasifika tana gaba, sai tsarin bayan akwatin, sannan girmansa, katako kuwa shi ne na ƙarshe a wannan jeri. Dalilin da ya sa na ce haka shi ne lasifikar jita ba a ƙera ta don ta maimaita sauti yadda aka ba ta ba. Da gangan aka yi ta don ta sauya shi. Yawancinsu suna aiki ne daga wajen Hz 75 zuwa wajen Hz 5,000 (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), abin da ya haura nan suna yanke shi, kuma wannan yankewar ce ke hana gurnanin amfilifaya zama ƙara mai sukar kunne. Kowace lasifika tana da inda take ɗaga sauti da inda take danne shi a tsakanin waɗannan iyakoki, saboda nauyin takardarta da girman maganaɗisunta da yadda aka naɗa koyil ɗinta, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar. Idan ka cire lasifika ɗaya ka sa wata a cikin akwati guda, ko wanda bai taɓa riƙe jita ba zai ji an sami canji. Idan kuwa ka bar lasifikar ka canza katakon kawai, sai mai kunne sosai zai gane, shi ma sai an jera masa akwatunan biyu a gabansa.

KafintanSauti:
Baba Dattijo, na yarda da jerinka amma ina ganin ka rage wa katako daraja fiye da kima. Tsofaffin akwatunan Fender na shekarun 1950 da katakon fayin (pine) aka yi su, mara nauyi, an haɗa kusurwoyinsu da haɗin yatsu, allon gaban kuma siriri ne. Wannan akwati yana rawa tare da lasifikar, kuma rawar tasa tana cikin muryar da mutane suke nema har yau. Amfilifayar Fender Bassman ta 1959, mai lasifikar Jensen huɗu 'yan inci 10, misali ce da kowa ya sani. Akwatunan Marshall kuwa da falankin bac (birch) aka yi su, mai kauri da tauri, shi ya sa sautinsu yake fitowa a dunƙule. Wanda ya ɗora tafin hannunsa a gefen akwatin fayin ana cikin kiɗa zai ji yana kaɗawa kamar ganga, wanda kuma ya ɗora a kan na bac mai kauri kusan ba zai ji komai ba. Ba zai yiwu a ce wannan bambanci bai isa kunne ba.

Dattijon_Bawul:
Malam Kafinta, ban ce bai isa kunne ba. Amma ka lura cewa misalan nan biyu da ka kawo sun bambanta ta kowace fuska, ba a katako kaɗai ba. Ɗaya bayansa a buɗe yake, ɗaya a rufe. Ɗaya Jensen 'yan inci 10 ne a ciki, ɗaya Celestion 'yan inci 12. Idan abubuwa uku suka canza a lokaci guda, ba adalci ba ne a ɗora wa katako dukkan sakamakon.

Injiniya_Om:
Kafin muhawarar katako ta yi nisa, ina so mai tambaya ya fara tsayar da maganar om, domin kuskure a nan ne kaɗai zai iya halaka amfilifayar, sauran duk batun ɗanɗano ne. Idan aka haɗa lasifika biyu masu om 8 a siris, wato wuta ta bi ta cikin ta farko sannan ta wuce ta biyu, jimlarsu om 16 ce. Idan aka haɗa su a faralal, wato kowacce ta karɓi wuta kai tsaye daga wayoyin biyu, jimlar om 4 ce. Biyu masu om 16 a faralal kuwa om 8 suke bayarwa. Amfilifayarka tana karɓar duka ukun, don haka kana da zaɓi, amma shawarata ita ce ka sayi biyu masu om 16 ka haɗa su a faralal ka soka a mafitar om 8.

Ga dalilina. Amfilifaya mai bawul tana da taransifoma a mafitarta, kuma babu abin da wannan taransifoma ta fi tsoro kamar a kunna ta ana kiɗa babu lasifika a haɗe, domin ƙarfin wutar da ya rasa inda zai je yakan yi tsalle ya ƙona naɗin wayar cikinta ko ya lalata bawul. A haɗin siris, idan koyil ɗin lasifika ɗaya ya tsinke, hanyar gaba ɗaya ta yanke, amfilifayar ta zama kamar ba a haɗa mata komai ba. A haɗin faralal kuwa, idan ɗaya ta mutu, ɗayar tana nan tana riƙe da om 16. Wannan bai yi daidai da mafitar om 8 ba, amma zai ba ka lokacin da za ka ji sautin ya canza ka kashe na'urar. Amfilifaya mai taransisto halinta akasin haka ne: rashin lasifika ba ya yawan cutar da ita, abin da ke cutar da ita shi ne a ba ta om ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta a bayanta.

Abu na ƙarshe, idan ka auna lasifikar da mita kada ka firgita don ba ka ga adadin da aka rubuta ba. Mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7, mai om 16 kuma takan nuna wajen 12 zuwa 14, saboda mita da wutar batir take aunawa, ba da wutar sauti mai kai da komowa ba.

Sabon_Makaɗi:
Na gode ƙwarai, Injiniya. Wannan bayani na tsinkewar koyil ban taɓa jin sa ba, kuma ya warware mini zaɓin om. To yaya batun wat? Na ga mutane da yawa suna yabon Celestion Greenback, amma wat 25 aka rubuta mata. Biyu za su ba ni wat 50 daidai da amfilifayata. Shin hakan ya wadatar?

Injiniya_Om:
A lissafi ya yi daidai, a aikace kuma yana bakin gaɓa. Wat 50 da aka rubuta wa amfilifaya mai bawul ana auna shi ne yayin da sautin yake a tsaftace. Idan ka ƙure ta har ta yi gurnanin da ka ambata, tana iya fitar da abin da ya haura haka da nisa, kuma wannan ƙarfi zafi yake zama a cikin koyil. Ni zan so jimlar lasifikun ta kai wajen ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na ƙarfin amfilifayar. Celestion suna da Creamback mai wat 65 wadda aka yi don ta kusanci muryar Greenback tare da jure zafi, biyu daga cikinta za su ba ka wat 130.

Mai_Gurnani:
Ina da ja a kan wannan, Injiniya, cikin girmamawa. Wani ɓangare na muryar da ake so a Greenback yana fitowa ne daidai lokacin da aka matsa mata, takardar ta fara lanƙwasa sautin, ta tausasa kaifinsa. Wanda ya sa lasifika mai wat 200 irin EVM12L ta Electro-Voice a bayan amfilifaya mai wat 50 zai sami sauti mai ƙarfi da tsabta, abin da amfilifayar ta bayar shi zai ji, kuma akwai makaɗa da yawa da hakan suke so. Amma ba zai taɓa samun wancan laushin ba. Ni akwatina Greenback biyu ne a bayan wat 50 kuma suna nan lafiya, sai dai gaskiya ba na kai maɓallin ƙara ƙarshe. Ina ganin tambayar da ya kamata mai tambaya ya yi wa kansa ita ce sau nawa zai ƙure na'urar, da kuma tsawon lokacin da zai bar ta a haka.

Hajiya_Studiyo:
Ni aikina ɗaukar sauti ne, don haka ta bayan makirufo nake jin akwatunan nan. Zan koma kan tambayar buɗe baya ko rufewa, domin na ga an wuce ta. Takardar lasifika idan ta tura iska gaba, a lokaci guda tana janye iska ta baya. Igiyar sauti mafi kauri a jita, wato waya ta shida a sake, tana kaɗawa a wajen Hz 82, kuma tsawon zangonta ya haura mita 4, ya fi akwatin girma nesa ba kusa ba. Saboda haka idan baya a buɗe yake, iskar gaba da ta baya suna zagayowa su haɗu su soke wani ɓangare na juna, kaurin sautin ya ragu. Abin da ake samu a madadin haka shi ne sauti mai yalwa wanda yake fita ta gaba da ta baya, ya bugi bango ya cika ɗaki, har mai ganga da ke zaune a bayan akwatin ya ji. Rufaffen baya yana hana wannan sokewar, iskar da ke kulle a ciki kuma tana riƙe takardar, sai kaurin ya fito da ƙarfi da tsauri, amma duk sautin gaba yake nufa.

Tunda ka ce yawancin kiɗanka mai tsabta ne, ni buɗaɗɗen baya zan zaɓa maka. Sai dai akwai hanya mai sauƙi da za ta raba gardama: ka yi bayan akwatin gida uku, allo na sama da na tsakiya da na ƙasa, kowanne da nasa sukurori. Idan ka ɗaura duka ukun ka sami rufaffen akwati, idan ka cire na tsakiya ka sami buɗaɗɗe. Ka dai sa siririn soso a bakin da allunan za su zauna don kada iska ta riƙa tsiyaya tana fito idan an rufe.

KafintanSauti:
Hajiya ta kawo shawara mai kyau, kuma haka nake yi wa duk wanda bai tsayar da ra'ayinsa ba. Bari in ƙara abin da ya shafi aikin hannu. Falankin bac na yankin Baltik mai kaurin milimita 18 yana da falle 13, kuma babu ramuka a tsakiyarsa, shi ya sa yake riƙe sukuru da kyau kuma ba ya ɓoye wani gurbi da zai riƙa zuza daga baya. Allon MDF, wanda da garin katako da aka matse ake yin sa, yana da sauƙin yanka kuma ba ya kaɗawa, amma yana da nauyi sosai, ba ya jure danshi, kuma idan kusurwarsa ta bugu da ƙasa sai ta ruɓushe. Akwatin da za a riƙa ɗauka ana saukewa bai dace da shi ba. Haɗin yatsu yana da ƙarfi da kyan gani, amma wanda ba shi da injin yin sa kada ya damu, domin haɗin kai da kai da gam mai kyau, tare da sandar katako da aka manna a kowace kusurwa ta ciki aka ɗaure da sukuru, yana riƙe akwati shekaru masu yawa.

Ramin lasifikar Celestion mai inci 12 faɗinsa milimita 283 ne, ramukan noti kuma suna kan da'ira mai milimita 297. Tazarar da ke tsakaninsu 'yar kaɗan ce, don haka idan zarto ya kauce ko da kaɗan ne, notin ba zai sami naman katakon da zai kama ba. Kada ka yanka komai sai lasifikar ta iso hannunka ka auna ta da kanka, domin na wasu kamfanonin sukan bambanta da 'yan milimitoci. Ka yi amfani da noti mai haƙora wanda ake nutsarwa a cikin katako, kada ka ɗaure lasifikar da sukurun katako kai tsaye. Wajen ɗaurewa kuma ka bi su a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin matsa gefe ɗaya da ƙarfi yana iya murɗa ƙarfen lasifikar har koyil ya fara gogar maganaɗisu.

Ɗalibin_Lissafi:
Ina da tambaya ga Injiniya. Na karanta cewa ana lissafa girman akwatin lasifika da ma'aunan Thiele da Small, waɗanda Neville Thiele na Ostiraliya ya fara wallafawa a 1961, Richard Small kuma ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970. Me ya sa babu wanda ya ambace su a nan? Ashe ba da su ya kamata a fara ba kafin a yanka katako?

Injiniya_Om:
Tambaya ce mai kyau. Waɗannan ma'aunai suna bayyana yadda lasifika take aiki ne a can ƙasan sauti, kusa da inda take kaɗawa da kanta, kuma suna da matuƙar amfani ga akwatin jitar bes, wadda waya mafi kaurinta take sauka zuwa wajen Hz 41, da kuma duk akwatin da aka yi wa ramin fitar iska. Akwai akwatunan jita da aka gina a kansu, kamar wanda aka tsara wa EVM12L mai rami a gaba. Amma yawancin muryar jita tana tsakiyar sauti ne, inda ma'aunan ba sa cewa komai, kuma idan baya a buɗe yake babu wata iskar da aka kulle balle a lissafa ta. Shahararren akwatin Marshall mai lasifika huɗu ya riga yaɗuwar wannan lissafi, an yi shi ne gwargwadon abin da zai ɗauki lasifikun. Abin da zan ce a kiyaye shi ne kada tsawo da faɗi da zurfin cikin akwatin su zo daidai da juna, domin hakan yana tara amo a wuri guda. Zurfin wajen santimita 28 zuwa 30 ya wadatar ga mai lasifika biyu. Ƙaramin rufaffen akwati yana matse kaurin sauti, babba kuma yana sake shi.

Dattijon_Bawul:
Tunda an ambaci Marshall, yana da kyau matasa su san cewa tsarin ɗora akwati kan akwati daga matsalar nauyi ya samo asali. A tsakiyar shekarun 1960 Pete Townshend na ƙungiyar The Who ya nemi Jim Marshall ya yi masa akwati mai lasifika takwas, aka yi, ya gagari masu ɗauka, sai aka raba shi biyu. Ko mai huɗun ma ya haura kilo 35. Na kawo wannan ne don mai tambaya ya sa nauyi a cikin lissafinsa tun yanzu. Lasifikar Celestion Vintage 30 guda ɗaya ta kusa kilo 5, biyu tare da falanki mai milimita 18 kaya ne na gaske. Lasifiku masu maganaɗisun niyodimiyam ba su kai rabin wannan nauyi ba, kuma na yanzu muryarsu ta yi kyau ƙwarai.

Mai_Gurnani:
Baba ya ambaci Vintage 30, to me kuke gani game da haɗa ta da Greenback a akwati ɗaya? Vintage 30 tana da tsakiyar sauti mai huda wanda ke fitar da jita daga cikin sauran kayan kiɗa, Greenback kuma tana da ɗumi. Na ji akwati mai irin wannan haɗi kuma ya burge ni.

Injiniya_Om:
Ana yi, amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, dole om ɗinsu ya zama ɗaya, kuma idan haka ne wutar rabuwa take daidai a tsakaninsu, don haka ƙarfin akwatin shi ne ninki biyu na mafi rauni. Vintage 30 wat 60 ce duk da sunanta, Greenback wat 25, jimlar da za a dogara da ita wat 50 ce, ba 85 ba. Na biyu shi ne yawan ƙarar da kowacce take bayarwa, wadda ake aunawa da desibel. Vintage 30 tana ba da desibel 100 daga wat ɗaya a nisan mita ɗaya, Greenback tana ba da 98, saboda haka ta farkon za ta ɗan rinjayi ta biyun. Wannan adadi ya cancanci a kula da shi ko ba haɗawa za a yi ba, domin bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Wanda amfilifayarsa ta yi masa ƙara da yawa a ƙaramin wuri zai iya rage ta ta hanyar zaɓar lasifika mai desibel 96 ko 97.

Hajiya_Studiyo:
Ƙarin bayani kan haɗa iri biyu: a wurin ɗaukar sauti ina son irin wannan akwati, domin ina da muryoyi biyu da zan kafa wa makirufo in zaɓa ko in gauraya. Sai dai a tabbatar duka biyun suna motsi tare. A taɓa wayoyin akwatin da ƙaramin batir na ɗan lokaci kaɗan ana kallon takardun, dole su fito gaba tare ko su koma tare. Idan ɗaya ta fito ɗaya ta koma, an juya wayar ɗaya, kuma sautin zai fito siriri babu kauri ko da wane irin katako aka yi akwatin. Haka kuma waya tsakanin amfilifaya da akwati dole ta zama wayar lasifika mai kauri, ba wayar jita ba, duk da cewa kawunansu iri ɗaya ne.

Akwai kuma batun yadda za a jera su. Lasifika mai inci 12 tana harba kaifin sauti a miƙe, wanda yake tsaye daidai gabanta yana shan kaifi, wanda yake gefe kuma yana jin sautin a dushe. Idan aka jera biyu gefe da gefe wannan matsala tana ƙaruwa ga masu sauraro na hagu da dama. Idan aka ɗora ɗaya bisa ɗaya, sautin ya fi bazuwa a faɗin ɗaki, ta saman kuma ta fi kusa da kunnen makaɗin.

KafintanSauti:
Zan dawo kan katako, domin ban sauka daga ra'ayina ba. Baba Dattijo ya yi gaskiya cewa misalaina sun haɗa abubuwa da yawa. Amma na taɓa haɗa akwati biyu masu girma ɗaya, buɗaɗɗun baya, ɗaya fayin ɗaya bac, na riƙa musanya lasifika guda a tsakaninsu. Na fayin ya fi sakin sauti, kamar yana ƙara masa numfashi a ƙasan tsakiya, na bac kuma ya fi tsayawa cak. Ga mai kiɗa mai tsabta wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yarda dai cewa idan za a rufe baya a ƙure ƙara, bac ne ya dace, har ma a sa sanda a tsakiya daga allon gaba zuwa na baya don kada bayan ya riƙa kaɗawa.

Ɗalibin_Lissafi:
Malam Kafinta, shin lokacin gwajin ka san wane akwati ne kake ji, ko wani ne yake canza maka ba ka gani? Ba ina musanta abin da ka ji ba ne, sai dai sanin abin da ake saurare yana tasiri a kan kunne, kuma tsakanin cire lasifika da mayar da ita a wani akwatin mintuna suna wucewa.

KafintanSauti:
Na sani, domin ni kaɗai na yi aikin. Amma na ɗauki sautin duka biyun da makirufo ɗaya a nisa ɗaya, kuma bambancin yana nan a cikin abin da aka ɗauka, ko da yake bai kai yadda na ji shi a cikin ɗakin ba.

Sabon_Makaɗi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Abin da na tsayar zuwa yanzu shi ne lasifika biyu masu om 16 a faralal, a ɗora ɗaya bisa ɗaya, da baya mai gida uku kamar yadda Hajiya ta ce. Katako kuwa har yanzu ina tsakanin fayin da bac, domin maganar nauyi da Baba ya yi ta sa fayin ya ƙara shiga raina. Wata tambayar kuma: na ji ana cewa sabuwar lasifika sai ta yi aiki na wani lokaci kafin muryarta ta zauna. Idan haka ne, yaushe ya kamata in yanke hukunci a kan wadda na saya?

Dattijon_Bawul:
Gaskiya ne, ɗana. Sabuwar lasifika takardarta da gefenta da abin da ke riƙe koyil duk a sandare suke, shi ya sa takan fito da kaifi da ƙarancin kauri, kuma Vintage 30 ta yi suna a wannan hali. Ka ba ta sa'o'i masu dama kana kiɗa da ƙara matsakaiciya zuwa sama, ka fara a hankali na 'yan mintuna kafin ka ɗaga. Kada ka manna ledar waje da ƙyallen gaba sai ka gama wannan gwaji, domin idan akwai inda yake zuza ko allon da yake buƙatar ƙarin sanda, gyaransa ya fi sauƙi tun katakon yana tsirara. Idan ka zaɓi fayin, ka nemi wanda ya bushe sosai, kuma duk da haka allon gaban ka yi shi da falanki, domin fayin yana iya tsagewa a tsakanin ramuka biyu masu faɗi irin waɗannan.